Ciwon fitsarin ɓera: masassara mai taɓa ƙoda da hanta da huhu

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, maza da mata na makarantun yaƙi da jahilci na Mallawa da Dungas da Magarya, darasinmu na wannan karo a kan lafiyar jiki yake. Ku karanta shi sannu a hankali. Inda kalma ta yi wuya, malami ya tsaya ya yi bayani, sannan a ci gaba.

Kowa ya san masassarar damina wadda sauro ke kawowa. Kowa ya san shawara, da yadda take mai da ido rawaya. To, akwai wani ciwo da ke shigowa da rigar masassara, bayan kwana kaɗan ya sa rigar shawara, alhali shi ba wannan ba ne, ba wancan ba. Likitoci suna ce masa leptosipiroz. Sunan yana da nauyi a baki. Mu a nan za mu ce masa ciwon fitsarin ɓera, domin daga nan ya fi fitowa.

Inda ciwon yake fitowa

Wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi. Siririya ce ƙwarai, a murɗe take kamar igiyar da aka tufka, ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Gidanta cikin ƙodar ɓera, wanda wasu ke ce wa kusu. Ɓeran da ke ɗauke da ita lafiyarsa lau, yana ci yana gudu, amma duk inda ya yi fitsari ya zuba ta. Shanu da awaki da tumaki da karnuka su ma suna iya ɗaukarta su zubar ta wannan hanya.

In fitsarin ya faɗa a busasshen wuri, rana ta buge shi, ƙwayar ta mutu nan da nan. In ya faɗa cikin laka, ko ruwan tabki, ko jiƙaƙƙiyar ƙasar garka, tana iya yin makonni da ranta, har watanni. Manomi ya shigo ba takalmi. A ƙafarsa akwai faso, ko ƙaya ta soke shi jiya, ko ganyen rake ya yanke shi a hannu. Ta wannan ƴar ƙofa ƙwayar ke shiga jini. Tana shiga ta ido da hanci da baki, in mutum ya yi wanka ko ya wanke fuska da ruwan, ko ya sha.

Ciwon ba sabo ba ne a duniya. Wani likitan Jamus mai suna Adolf Weil ya bayyana mai tsananinsa a 1886. A 1915 likitoci biyu na ƙasar Japan, Inada da Ido, suka gano ƙwayar, a yankin da ciwon ke kama masu haƙar kwal cikin ramuka masu ruwa. Ba a daɗe ba aka gane ɓera ne ke yawo da ita. A ƙasar Ostareliya kuwa, masu saran rake ya kama a 1934, har ma'aikatan suka yi yajin aiki a 1935, suna neman a riƙa ƙona gonar kafin su shiga sara. Wani lissafi da masana suka fitar a 2015 ya ce ciwon yana kama mutum wajen miliyan 1 kowace shekara a duniya, yana kashe kusan 59,000.

Abin da aka gani a garaken Yamai

Da can ana ɗauka ciwo ne na ƙasashe masu yawan ruwa, ba ruwansa da ƙasar rairayi irin tamu. Sai masu bincike suka ɗana tarko a Yamai, suka kama ɓeraye cikin gidaje da kasuwanni da garake, suka auna ƙodarsu. Sakamakon ya fito a 2015. A ɓerayen tsakiyar gari ba su sami ƙwayar ba. Sun same ta a garaken da ake ban ruwa a bakin kogin Isa, cikin gafiya da ɓeran ciyawa, wannan mai yawo da rana tsaka a gefen gona.

Ku duba wannan da kyau. Ƙwayar ba ta bukatar ruwan sama mai yawa. Abin da take so shi ne ƙasa mai danshi kullum, da ɓera a kusa. Mu kuwa a ƙasar Korama ruwa yana kusa da ƙasa, tabkuna da fadamu suna da yawa, muna noman rake da rogo da albasa da kabeji. Gafiya da ɓeran ciyawa ba baƙi ba ne a garakenmu. Noman rani arziki ne, babu mai cewa a bar shi. Amma mai shiga ruwa kullum ya kamata ya san abin da ruwan ke iya ɓoyewa.

Ambaliya ita ma tana taimakon ciwon. Ruwa ya cika ramun ɓeraye, ya kwashe fitsarin garke, ya shigo da su cikin gari, mutane suna ratsawa suna kwashe kaya. Haka ya faru a birnin Mumbai na Indiya a 2005, da Manila ta ƙasar Filifin a 2009: ruwa ya janye, bayan mako ɗaya ko biyu asibitoci suka cika. Ba mu manta da damanar 2024 ba, wadda ta taɓa mutum sama da miliyan 1 a Nijar, har tsohon masallacin Birnin Damagaram ya rushe a watan Satumba.

Yadda yake farawa

Daga ranar da ƙwayar ta shiga zuwa ranar da jiki ya yi zafi, galibi kwana 5 ne zuwa 14. Wani lokaci har wata ɗaya. Masassara ta taso farat ɗaya, da rawar sanyi, da ciwon kai mai tsanani, da amai. Duk wannan masassarar sauro ma tana yi. Amma akwai alamu biyu da ya kamata ku riƙe. Ta farko, ciwon naman jiki, musamman sharaɓa da ƙugu. In an matsa sharaɓar mutum sai ya yi ƙara. Ta biyu, idanu su yi ja wur, amma babu kwantsa irin ta ciwon ido.

Cikin mutum 10 da ciwon ya kama, wajen 9 suna warkewa cikin mako guda ko fiye kaɗan, wasu ma ba su san abin da ya same su ba. Na 10 ɗin shi ne abin tsoro. Wani lokaci masassarar ta sauka kwana ɗaya ko biyu, gida ya yi hamdala, sai ta dawo da ƙarfi. A nan ne ciwon ke faɗa wa kayan ciki.

Hanta ta taɓu, ido ya yi rawaya har ya koma ruwan goro. Wannan shi jama'a ke gani, shi ke tayar da hankalin gida, shi ke sa a ce shawara ce a tafi neman jiƙo. Amma a wannan ciwo ba hanta ta fi kisa ba. Hanta tana komawa daidai in mutum ya tashi. Masu kisa su ne ƙoda da huhu, su kuwa a ɓoye suke aikinsu.

Ƙoda ita ce rariyar jiki. Dare da rana tana tace jini, tana fitar da dauɗa da ruwan da ya yi yawa ta fitsari. Babban mutum mai lafiya yana yin fitsari lita 1 zuwa lita 1 da rabi a yini da kwana. Da fari ƙodar mai wannan ciwo tana yoyo: fitsari yana fita da yawa, yana tafiya da ruwan jiki da wani gishirin jini da ake kira fotasiyam. Ga amai, ga zufa, ga rashin sha. Jiki ya bushe. In ba a mai da ruwan ba, sai rariyar ta toshe. Fitsari ya ragu, ya yi duhu kamar shayi, ya tsaya. Dauɗa ta taru cikin jini, mutum ya fara shaƙuwa, ya rikice, ya yi ta barci. Fotasiyam ɗin da a da yake zuba yanzu ya taru, in ya yi yawa yana tsayar da zuciya.

Saboda haka mai jinya ya riƙa duban fitsari fiye da yadda yake duban ido. A ba majiyyaci gwangwani ko kwalba. In babban mutum ya wuni ya kwana bai yi abin da zai cika ledar ruwan sha ɗaya ba, wato rabin lita, to a tashi, ko da tsakar dare ne.

Huhu ya fi kowa gaggawa. Ƙwayar tana raunana ƙananan hanyoyin jini, sai su riƙa tsiyaya. Ana ganin haɓo, da jini a dasashi, da baƙin kashi. In tsiyayar ta faru cikin huhu, mutum ya fara tari, numfashi ya yi sama sama, kaki ya fito da jini. Wannan yana iya kashewa cikin yini ɗaya ko biyu. Cikin waɗanda huhunsu ya zubar da jini sosai, fiye da rabi suna rasuwa, ko a manyan asibitocin duniya.

Abin da za a faɗa wa majo

Awon da ke tabbatar da wannan ciwo aikin manyan ɗakunan bincike ne. A likitar ƙauye, abin da ma'aikaci ke da shi shi ne idonsa da labarin da kuka ba shi. Zai fara da awon masassarar sauro a ɗan yatsa, haka ya dace, don ita ta fi yawa a wurinmu. In awon bai nuna komai ba, ko an sha maganin kwana 2 ko 3 babu sauƙi, a koma. Mutum yana iya ɗaukar ciwon biyu a lokaci guda.

Kada ku tsaya a kan "jikina zafi". Ku ce: ranar kaza na shiga tabki, ina aikin garka ba takalmi, na feɗe gafiya, saniyata ta yi ɓari na kama da hannu, ruwa ya shiga gidanmu. Ku faɗi ranar da masassarar ta fara. Ga amfanin karatu: wanda ya iya rubutu ya rubuta ranar a takarda, da magungunan da aka riga aka sha. Masassara da rawayan ido suna iya zama shawara mai tsanani wadda ake yi wa rigakafi, ko ciwon hanta na ruwa maras tsabta irin wanda ya faɗa wa Diffa a 2017. Labarinku ke taimakon ma'aikaci ya rarrabe.

Maganin ƙwayar ba mai tsada ba ne. A farkon ciwo, ƙwayoyin doksisiklin ko amoksisilin na mako guda suna kashe ta. Sun fi aiki in an fara kafin kwana 5. Ma'aikacin lafiya ne zai zaɓa, domin mai ciki da ƙaramin yaro ba kowane ake ba su ba. In ciwo ya yi nauyi, sai allurar fenisilin ko seftiriyakson ta jijiya. Wani majiyyacin, sa'o'i kaɗan bayan allurar farko, jikinsa ya ƙara zafi, ya yi rawar sanyi. Ƙwayoyin cuta ne ke mutuwa da yawa a lokaci ɗaya. A gaya wa ma'aikaci, kada a gudu da majiyyaci gida.

Akwai abin da zan faɗa ko da ba zai yi wa masu tallan magani a kasuwa daɗi ba. Ƙwayoyin ciwon jiki irin diklofenak da ibufurofen da asfirin, waɗanda manomi ke sha bayan wunin noma, guba ne ga mai wannan ciwo. Suna ƙarasa ƙodar da ta gaji, suna ƙara zubar jini. Haka jiƙon shawara mai sa amai da zawo: yana fitar da ruwan da ƙoda ke nema ido rufe.

Cikin ɗakin kulawa ta musamman

In ƙoda da hanta da huhu suka gaza tare, allura kaɗai ba ta isa. Ta kashe ƙwayar, amma ɓarnar da aka riga aka yi tana nan. Sai a kai mutum ɗakin da ma'aikatanmu ke kira reyanimasiyon. Uwayen da suka taɓa kwana da yaro a sashen yara na asibitin Magarya, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki a 2005, sun ga irin wannan aiki: robar iska a hanci, ƙarin ruwa a hannu, ma'aikaci yana zagayowa yana rubutu.

Aikin wannan ɗaki kamar aikin gwafa ne a jikin rumbun da ya karkata. Gwafa ba ta gyara rumbu, tana riƙe shi har mai gyara ya gama. Na'urori da magunguna suna riƙe wa kowace gaɓa aikinta har ta farfaɗo da kanta.

Ana sa wa majiyyaci robar fitsari, ana auna abin da ya fita kowace sa'a, ana rubutawa. Ana ƙara masa ruwa ta jijiya, amma da awo. In ya yi kaɗan ƙoda ta bushe, in ya yi yawa ya cika huhu. Shi ya sa ba a so mai jinya ya taɓa makunnin robar don ruwa ya yi sauri, ko ya ba da kunu da fura a ɓoye. Ana ɗibar jini kullum a ga yawan dauɗa da fotasiyam. In ƙarfin bugun jini ya faɗi, akwai magani mai ɗiga a hankali cikin jijiya yana ɗaga shi. Na'ura tana nuna bugun zuciya, domin ciwon yana taɓa naman zuciya ma.

In numfashi ya yi wuya, a ba da iskar oksijin. In bai isa ba, a sa mutum barci da magani, a zura roba ta maƙogwaro, inji ya riƙa hura masa iska yana numfashi a madadinsa. Dangi in sun leƙa suka gan shi kwance ba motsi sai su ce ya tafi. Bai tafi ba, likita ne ya kwantar da shi don huhu ya huta. In jini ya zuba da yawa, sai ƙarin jini. A nan ake bukatar ƴan'uwa majiya ƙarfi su miƙa hannu. Leda ɗaya ba ta rage lafiyayyen mutum da komai, jiki yana mai da ita.

Sai babban aiki, wato wankin ƙoda. Ana fitar da jini ta roba, ya ratsa cikin inji mai tacewa, ya koma jiki da tsabta. Zama ɗaya yana ɗaukar sa'o'i 3 zuwa 4, wani lokaci fiye. A jiharmu, babban asibitin ƙasa na Damagaram yana da sashen wankin ƙoda. Mutane da yawa suna jin tsoron sunan, don sun ga masu tsohon ciwon ƙoda da ake yi wa wanki har ƙarshen rai. Na ciwon fitsarin ɓera dabam yake. Ƙodar ta suma ne kawai. Galibin waɗanda suka tsira, bayan kwanaki ko makonni kaɗan fitsari ya dawo, a cire roba, a bar injin.

Ga lissafi, ku yi shi a allo. A wani asibiti na birnin Sawo Fawulo a ƙasar Barazil, likitoci sun duba majiyyata 33 masu wannan ciwo, dukansu ƙoda da huhu sun gaza, dukansu suna kan injin numfashi. Sun ba da labarin a 2007. Mutum 15 an jinkirta musu wanki, kuma ana yi ana tsallake rana. 10 suka rasu. Mutum 18 an fara musu da wuri, ana yi kullum. 3 suka rasu. A kashin farko, mutum nawa suka tsira? A na biyu fa? Ciwo ɗaya, asibiti ɗaya, inji iri ɗaya. Abin da ya bambanta su lokaci ne.

Mu kuwa lokacinmu hanya ke cinye shi. Daga ƙauye zuwa likitar Mallawa, amalanke ko babur. Daga nan zuwa asibitin gunduma. Daga Magarya zuwa Damagaram kaɗai ya fi kilomita 80, ga damina, ga neman kuɗin mai, ga jiran mai gida ya dawo daga kasuwa kafin a yanke shawara. In majo ya rubuta takardar wucewa gaba, ranar nan ake tafiya. Ƙauyen da ke da asusun taimakon juna na ɗaukar majiyyaci ya rage wa kansa kwana guda na yawon rance. Makarantar yaƙi da jahilci tana iya riƙe littafin wannan asusu, tunda a cikinta masu iya lissafi suke.

Mai jinya kada ya ji tsoron majiyyaci. Da wuya ciwon ya tashi daga mutum zuwa mutum. A wanke hannu da sabulu bayan an zubar da fitsarinsa, shi ke nan.

A garka da garke

Takalmin roba mai tsawo shi ne babban kariya ga mai ban ruwa da mai saran rake. Na san yana da zafi, na san ana cewa yana rage sauri. Kuɗinsa bai kai kuɗin motar Damagaram ba. Wanda ke da rauni a ƙafa ko hannu ya rufe shi kafin ya shiga ruwa, in ya fito ya wanke da sabulu da ruwa mai tsabta. Ruwan tabki in dole a sha shi, a tafasa. A ɗaga bakin rijiya, a yi mata murfi. A share ciyawa da tarin kara kusa da rijiyar garka, a rufe hatsi da sauran tuwo, don ɓera ba ya zama inda babu abinci.

Yara masu haƙar gafiya su sani: naman da ya gasu sosai ba shi da laifi, haɗarin yana wurin kamu da fiɗa, lokacin da fitsari da jini ke taɓa hannu. Mahauta su yi hankali da mafitsara da ƙoda. Makiyayi in shanunsa suna ɓari, ko nono ya ƙafe farat ɗaya, ya gaya wa ma'aikacin dabbobi. Abin da aka ɓarar, a sa leda a hannu a ɗauka, a binne da zurfi inda kare ba zai tono ba. Inda hali ya yi, wurin shan dabbobi dabam, wurin wanka da wanki dabam.

Wanda aka sallamo daga asibiti zai yi makonni jikinsa ba ƙarfi, rawayan ido yana washewa sannu sannu. Kada a matsa masa ya koma garka. Ya je awon jini ranar da aka rubuta masa, a ga ko ƙoda ta koma daidai. Wasu kuma, bayan wata ɗaya ko watanni, ido ya yi ja, yana ciwo, gani ya yi hazo. Sauran ciwon ne, kuma yana da magani. Kada a sa kwalli ko ruwan ganye. A koma likita, a tafi da takardar sallama a nuna.